Sunan Dillali a Cikin Ƙunshi

Ranar 20 ga Janairu, 1824, wani hafsan sojan ruwa na Ingila mai suna Hugh Clapperton ya iso Kano daga wajen Katagum. Kwana takwas kafin nan ya binne abokin tafiyarsa, Dakta Walter Oudney, a wani ƙauye a kan hanya. Tun daga Tarabulus har Kukawa Larabawa suke cika masa kunne da labarin girman Kano, saboda haka da ya matso badala sai ya ciro rigarsa ta aikin soja ya sa, ya kimtsa, yana zaton gari zai fito kallonsa. Ya shiga ƙofa, ya ɗan taɓa tafiya cikin fili kafin ya fara cin karo da gidaje, ya ratsa jama'a. Ko mutum ɗaya bai waiwayo ba. Shi da kansa ya rubuta haka a littafin tafiyarsa, kuma daga yadda ya faɗe shi za ka gane abin ya sosa masa rai. Kowa yana ta harkar gabansa.

A ganina wannan rashin waiwaye ya fi duk abin da matafiya suka rubuta a kan tsawon ganuwa da yawan ƙofofi bayyana mana Kano ta wancan zamani. Garin da baƙo ke zama abin kallo a cikinsa gari ne da baƙi ba su cika zuwa ba. Mutumin Kano na 1824 kuwa ya riga ya ga Balaraben Gadamas, ya ga Buzu da amawali har ido, ya ga Babarbare da Banufe da Bayarabe, ya ga fataken da suka dawo daga Gwanja da jakunan goro. Farin mutum guda a cikin wata irin riga bai isa ya sa a ajiye ciniki ba. Kirarin nan na Kano da ke gaya wa baƙo cewa duk abin da ya zo da shi an riga shi, ga alama ba yau ya fara aiki ba.

Akwai wani abu a labarin Clapperton da mutumin Roni ko Kazaure ba zai wuce shi a guje ba. Da ya nemi ganin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, bai same shi a Gidan Rumfa ba. Sarki yana sansani a wajen gari, yana haɗa runduna, kuma wanda za a je yaƙa namu ne: Ɗan Tunku na Yarimawa. Shi ne a lokacin jihadi ya tare hanya ya hana dakarun Katsina da Daura haɗuwa da na Sarki Alwali, ya samu tuta, ya kafa ikonsa a arewacin ƙasar Kano wajen Ɗambatta. Da Sarki Sulaimanu ya rasu a 1819 aka naɗa Dabo, sai ya ƙi yin mubaya'a. Aka shafe wajen shekara biyar ana kai hari ana ramawa, har yaƙin ya hau duwatsun Kazaure, kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama ya tabbatar wa Ɗan Tunku da zuriyarsa cin gashin kansu. Da Clapperton ya kama hanyar Sakkwato ya ga ɓarnar waɗannan hare-hare a ƙauyukan da ya ratsa. Ke nan a watan da aka fara rubuta cikakken bayanin kasuwar Kurmi da harshen Turai, ƙasarmu da Kano takobi ne a tsakaninsu. Duk da haka kasuwa tana ci kullum, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, har ranar Juma'a. Sarki yana sansani, rumfuna a buɗe.

Wanda ya zo Kano yawon buɗe ido a yau an san inda za a kai shi. Za a hau da shi Dala ya hango gari, a nuna masa Gwauron Dutse daga can, a bi da shi ta abin da ya rage na ganuwar da aka ce Sarki Gijimasu ya fara ginawa, a tsaya a ƙofar Gidan Rumfa, a shiga Gidan Makama, a leƙa marinar Ƙofar Mata. Baƙin ƙarni na 19 ma sun kalli mafi yawan waɗannan. Clapperton ya ƙiyasta kewayen ganuwa ya kai mil 15, da ƙofofi 15 da ake rufewa da almuru. Amma shafukan da suka fi rai a littattafansu duk na kasuwa ne, kuma ba mamaki. Dutse da ganuwa akwai su a wasu garuruwan. Abin da ya sa mutum ya haɗa raƙuma ya ratsa hamada wata biyu ko uku ba dutse ba ne.

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara daga Larabci ya buga a 1908, ya jingina kafa kasuwar Kurmi ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Sunan ya samo asali daga kurmin da ke bakin Jakara, wurin da mutanen farko suke tsoro suke girmamawa. Kafin Rumfa an riga an share fage: a zamanin Abdullahi Burja aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, a zamanin Yakubu gishirin Azbin ya wadata. Rumfa ya tara wannan zirga-zirga a wuri ɗaya, ya kuma ɗauke fada daga gindin Dala ya gina sabuwa a kudu. Duk wanda ya yi yawo a ƙafa a unguwannin da ke kewaye da kasuwar, tarihin baƙin yake takawa ko bai sani ba. Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Sharifai da ake dangantawa da zuriyar Shehu Magili, Alfindiki da sunanta ya fito daga kalmar Larabci ta masaukin fatake. Har Dandalin Turawa, wanda Turawansa Larabawa ne, domin su aka fara kira da wannan suna tun kafin Nasara su ƙwace shi. A wajen ganuwa kuma ga Fagge, inda ayarin Azbinawa ke sauke raƙuma. Gari ne da ya ware wa kowane baƙo inda zai kwana, sannan ya bar sunan baƙon a kan wurin.

Samun wurin kwana shi ne ƙaramar matsalar baƙon ɗan kasuwa. Babbar ita ce amana. Ka zo da kaya garin da ba ka san farashinsa ba, ba ka san wane ne mai biyan bashi wane ne ɗan damfara ba, wani lokaci ko harshen ba ka ji, kuma nan da 'yan makonni za ka tafi, wataƙila ba za ka dawo ba sai baɗi. Duk mai son cutarka ya san haka. To me zai hana shi?

Amsar farko ita ce fatoma, wato mai masauki. Baƙo ba ya shiga kasuwa da ka. Yana sauka gidan wani da aka san shi a gari, galibi ɗan ƙabilarsa ko wanda ubansa ya saba sauka gidan ubansa. Fatoma ne ke ajiye kaya a ɗakinsa, ya ciyar da baƙo, ya nemo mai saye, ya tsaya a tsakani idan za a ba da kaya bashi. Jarinsa sunansa ne: in aka cuci baƙonsa sau ɗaya, labari zai riga shi isa Agadas ko Salaga, kuma ayari na gaba wani gidan zai nufa. Shi kansa Clapperton haka aka yi da shi, domin da wasiƙar Shehun Barno, Muhammadu al-Kanemi, ya zo, ya sauka a hannun wakilin Shehun a Kano. A ƙarƙashin fatoma akwai dillali, wanda ke yawo da kayan yana cigiya, ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ya karɓi la'ada.

A cikin kasuwar kanta akwai hukuma. Clapperton ya ce sarkin kasuwa ne ke ba da hayar rumfuna wata-wata, kuɗin hayar kuma yana shiga baitulmalin sarki. Shi ne ke daidaita farashi, ladansa wuri 50 a kan duk cinikin da ya kai zambar takwas, wato wuri 8,000, daidai da dalar azurfa huɗu a canjin lokacin. In ka lissafa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ya kuma lura da wata al'ada: bayan an sallama, mai sayarwa yakan mayar wa mai saye kashi 2 cikin 100 na kuɗin, da sunan neman albarka. A cinikin zambar takwas wuri 160 ke nan, ya ninka rabon sarkin kasuwa sau uku da ɗoriya. Gyaran da mai gyaɗa ko mai ƙosai ke yi maka yau jikan wannan al'ada ne.

Sai kuma abin da ya fi burge ni a duk bayanin. Riga ko turkudi in an rina an buga, naɗe su ake yi a ƙunshe, kuma mai saye yakan tafi da su har Barno ko wani wuri mai nisa ba tare da ya warware ba. A cikin kowane ƙunshi ana rubuta sunan dillalin da ya yi cinikin. Idan aka buɗe a can aka tarar kayan ba su kai yadda aka ce ba, sai a sake ƙunshewa a ba ayari mai dawowa. In sun iso Kano, dole dillali ya nemo wanda ya sayar, shi kuma dokar gari ta tilasta masa ya mayar da kuɗi.

A tsaya a duba abin da wannan 'yar rubutacciyar takarda take ɗauke da shi. Tana nufin akwai masu karatu a duka ƙarshen hanyar biyu. Tana nufin akwai madugun da zai yarda ya ɗauko kayan wani ya kawo su inda aka ce. Tana nufin dillali yana riƙe da lissafin wanda ya ba shi kaya watanni bayan an gama ciniki, kuma akwai alƙali ko sarkin kasuwa da zai matsa in an yi taurin kai. Kuma a lura da sunan wanda aka zaɓa a rubuta. Ba na masaƙi ba, wanda yake can ƙauye babu mai saninsa a Kukawa. Ba na attajiri ba, wanda zai iya fin ƙarfin mai ƙara. Na dillali ne, mutumin da kullum yana cikin kasuwa, wanda abincinsa ya dogara ga a ci gaba da yarda da shi. A sana'ata ta rubuta manhajar kwamfuta muna da irin wannan ƙa'ida: duk layin da aka taɓa, sunan wanda ya taɓa shi yana manne da shi, domin ranar da abu ya lalace a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Mukan ɗauka dabarar zamani ce. Masu rini da dillalan Kano suna yin ta da tawada da alƙalamin kara shekara 200 da suka wuce, a kan hanyar da ake shafe makonni ana tafiya.

Kada wannan ya sa a ɗauka kasuwar waliyyai ce. Shi wannan Clapperton ɗin ya ba da labarin mahautan Kurmi da ke liƙa ɗan gashin tunkiya a cinyar akuya don wanda bai sani ba ya saya a matsayin naman rago, suna kuma hura nama don ya yi kyan gani. Ya yi ƙorafin warin kududdufan Jakara da ake zuba shara a ciki. Ya ga makaɗa suna zagawa suna jawo masu saye zuwa wasu rumfuna, abin da yau ake yi da lasifika a Kwari. Ya kuma sayi koriyar laima ƙirar Ingila a kan dalar azurfa uku, laimar da ta ratso hamada ta riga shi isowa. Ha'inci yana nan. Abin da Kano ta yi shi ne ta tanadi hanyar da wanda aka ha'inta daga nesa zai bi ya karɓi haƙƙinsa, a kan kayan da sunan garin ya rataya a kansu.

Masu mulkin Kano ba su koyi wannan a banza ba, sun taɓa ganin abin da ke faruwa in baƙo ya ji an matsa masa. A zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, 1703 zuwa 1731, lokacin da littafin tarihin ya ce wuri ya shigo ƙasar Hausa, aka ƙirƙiro haraje-haraje iri-iri, har da na kasuwar Kurmi, kuma marubucin tarihin bai ɓoye ra'ayinsa ba, ƙwace ya kira su. Ɗansa Kumbari, 1731 zuwa 1743, ya tsananta, ya ɗora haraji har a kan malamai. Sakamakon shi ne kasuwa ta kusa mutuwa, Larabawa suka tattara suka koma Katsina, talakawan birni da yawa suka gudu ƙauye. Manomi yana iya haƙuri da azzalumin sarki domin ba zai ɗauki gonarsa a ka ba. Baƙon ɗan kasuwa raƙuminsa yana ɗaure a ƙofar gida. A ƙarni na 18 Katsina ce ta ci gajiyar wannan. Bayan jihadi kuma, da yaƙi tsakanin sababbin sarakunan Katsina da tsofaffin da suka koma Maraɗi ya hana hanyoyinta kwanciyar hankali, fataken suka juyo Kano. Kasuwar da Clapperton ya gani a 1824 kasuwa ce da ba ta daɗe da karɓo baƙinta daga hannun kishiya ba.

Akwai rumfuna biyu dogaye a wannan kasuwa da dole a shiga, ko ba a so. Ɗaya ta maza, ɗaya ta mata. A nan ake jera bayi, an yi musu kwalliya, mai saye yana duba haƙora da harshe da idanu da gaɓoɓi. Clapperton ya ƙiyasta mazauna birnin tsakanin 30,000 da 40,000, ya ce fiye da rabi bayi ne. Kuma ga inda abin yake da ɗaci: adalcin nan na kasuwa ya shafi wannan ciniki ma. Wanda ya sayi mutum yana da kwana uku, in ya ga aibi, ko ma bai ga komai ba ya dai fasa, zai iya mayar da shi ya karɓi kuɗinsa. Tsarin da ya kare Babarbare daga turkudi maras kyau shi ne ya kare mai sayen yarinya daga asara. Ita yarinyar baƙuwa ce a Kano kamar Clapperton, wataƙila ma garinsu ya fi kusa, amma ba ta da fatoma. Duk wanda zai yabi amanar Kurmi, ni ma ina cikinsu, ya kamata ya faɗi ko amanar tsakanin wa da wa ce.

Ɗaya daga irin waɗannan yara ya bar mana muryarsa. Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, an kama shi yana yaro aka sayar da shi a Barno, Bature Adolf Overweg ya 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth har Tumbutu, suka biyo ta Kano a 1854, ya tafi da shi Turai a 1855. A Ingila ya zauna da wani mai bishara, J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, har da yadda ya ga Landan da mutanenta da irin cin abincinsu. Shi ne baƙon da ya juya madubin. A ƙarshen rayuwarsa Kano ya zauna, ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa, ya rasu a 1912.

Shi Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya fara shigowa Kano ranar 2 ga Fabrairu, 1851, daga Katsina, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo. Ya iso da bashi a wuyansa, zazzaɓi ya kwantar da shi a masaukinsa na unguwar Dala, amma da ya samu sauƙi ya hau doki ya zaga gari, ya hau dutsen ya zana abin da ya hango. Shi mutum ne mai son lissafi. Ya ƙiyasta mazauna birni 30,000, ya ce daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ayari ke shigowa, adadin yakan kai 60,000. Wato a kakar ciniki rabin mutanen da ke cikin Kano baƙi ne. Ya lissafo abin da ake kawowa daga Turai: akoko daga Manchester, allurai daga Nuremberg, ruwan takobi daga Solingen, duwatsun ado daga Italiya, sukari, da takarda mai tambarin jinjirin wata uku, wadda malamanmu suka rubuta Alƙur'anai da yawa a kanta. Ya ce ana fitar da bayi wajen 5,000 a shekara. Amma abin da ya fi jan hankalinsa shi ne tufafin da Kano ke yi da kanta, waɗanda ya ce suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus a arewa, da Tumbutu har gaɓar tekun Atlantika a yamma. Mafi ƙarancin kimarsu a shekara, in ji shi, wuri miliyan 300.

Wannan adadi ba ya shiga kai sai an sauke shi ƙasa. A ƙasar Hausa ba a shirya wuri a zare, da hannu ake ƙirga shi biyar-biyar, a zuba 20,000 a keso ɗaya. Miliyan 300 keso 15,000 ke nan. Barth ya ce iyali guda na iya rayuwa cikin rufin asiri da wuri 50,000 zuwa 60,000 a shekara. In aka raba, tufafin da ake fitarwa kaɗai sun isa su riƙe gida 5,000 ko fiye. Ya kuma yaba da cewa wannan sana'a ba a cikin manyan masana'antu irin na Turai ake yin ta ba, inda ake mayar da mutum kamar inji, a cikin gidaje ake yin ta.

Sai dai gidajen nan mafi yawansu ba a cikin badala suke ba, kuma a nan idon baƙo yake gajarta. Wanda ya tsaya a kan Dala birni yake gani, wanda ya tsaya a Kurmi ƙunshi yake gani an riga an naɗe. Audugar a ƙauye aka noma ta, matan ƙauye suka kaɗa zare, masaƙan ƙauye suka saƙa, kuma manyan marinai suna garuruwa irin su Kura, wadda har Buzaye suka san baƙin yadinta mai ƙyalli da sunanta. Fatar jar akuya da ta ratsa hamada ta shiga Turai da sunan fatar Maroko, a ƙauyukan ƙasar Hausa aka yi kiwon akuyar. Geron da ya ciyar da waɗancan baƙi 30,000 da dabbobinsu a kan jaki ya shigo. Hatta manyan fataken goro, Agalawa da Tokarawa, asalinsu mutanen arewa ne da suka fito daga hannun Buzaye suka zauna a ƙauyukan Kano da Katsina, suna noma da damina suna fatauci da rani. Daga cikin Agalawa aka samu Alhassan Ɗantata, wanda a Bebeji aka haife shi a 1877.

Ke nan akwai baƙo iri na uku a Kurmi, wanda ya fi kowa yawa, kuma shi ne babu littafin tafiyarsa: mutumin da ya taso daga ƙasa irin tamu da jaki biyu, ya kwana a hanya, ya shigo da hantsi. Hausa ma ta raba su. Wanda ya zo daga nesa baƙo ne, ana shimfiɗa masa tabarma. Wanda ya zo daga kusa baƙauye ne, shi ake ba da labarin wautarsa a zaure, kuma ina kyautata zaton shi aka liƙa wa gashin tunkiyar nan, domin Balaraben Gadamas yana da yaron gida mai yi masa cefane. Bayan Bello ya sasanta Dabo da Ɗan Tunku, ɗansa Dambo ya zauna a Kazaure ya gina masarauta mai sarkinta, ba ta bin Kano. Amma sarauta daban, kasuwa daban. Turawa sun sa Kazaure cikin lardin Kano, aka yi jihar Kano muna ciki, aka cire mu a 1991 aka ce Dutse ce hedikwata. Har yau in mutumin Roni ya ce zai shiga birni, ba sai an tambaye shi wane birni ba.

Abin da ya karya ƙashin bayan Kurmi ba yaƙi ba ne. Ta tsallake basasar 1893 zuwa 1895, har Charles Robinson da ya zo a ƙarshen 1894 ya kwatanta Kano da Manchester. Ta tsallake 3 ga Fabrairu, 1903, ranar da sojojin Kanar Morland suka fasa gari Sarki Alu yana can wajen Sakkwato, aka rufe rumfunan bayi. Dogo ne ya yi mata illa. Layin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, kayan da raƙumi ke kawowa cikin watanni suka koma zuwa daga Ikko cikin kwanaki. Gari ya juya baya ga hamada ya fuskanci teku. Kamfanonin Turawa da Kwarori suka kafa kantuna kusa da tasha a wajen ganuwa, aka yanka Sabon Gari a 1913 don sababbin baƙi daga kudu. A karon farko baƙo ya zo Kano bai sauka a hannun ɗan gari ba, gwamnati ce ta nuna masa inda zai zauna, da ganuwa a tsakaninsa da masu gari. Duk da haka, da Turawan suka so sayen gyaɗa, sai suka tarar ba su san hanyar ƙauye ba. Tsofaffin fataken goro irin su Ɗantata ne suka karɓi kuɗinsu, suka rarraba wa yaransu, yaran suka bazu kasuwannin ƙauye. Tsohon tsarin ne aka ɗaura wa sabon kaya.

Kurmi tana nan, da lungunanta da mutum biyu ba sa jerawa, da 'yan sirdi da 'yan linzami da kasuwarsu ke tashi gab da hawan Sallah, da dukawa, da masu turare da kayan ƙamshi, da masu littattafan addini. Baƙon da ya zo da kyamara can ake kai shi ya sayi jakar fata. Mutanenmu kuwa da wuya su leƙa ta. Mai riɗi ko wake ko zoɓo Dawanau ya nufa, inda dillali zai tare shi tun kafin a kwance igiyar mota. Mai haɗa lefe Kantin Kwari, mai kanti Singa, mai neman waya Farm Centre. Da yawa ma yanzu ba sa zuwa. Ana turo hoton atamfa ta WhatsApp, a tura kuɗi ta banki, mai shago ya ɗaure kaya a buhu ya kai tasha ya ba direban da ke bin hanyar Ɗambatta. A bayan buhun, da baƙar maka, ana rubuta sunan wanda zai karɓa da lambar wayarsa da sunan garinsu. A ciki babu sunan kowa. In an kwance a Roni aka tarar atamfar jabu ce, sai dai a kira lambar mai shago a jira a ga ko zai ɗauka.